Yadda Ake Sabunta Gidan Tarihin Taíno Ba Tare Da An Cutar Da Kayan Cikinsa Ba

Mutanen Taíno su ne Kolumbus ya tarar a tsibiran Karibiyan a shekarar 1492, suna zaune a Hispaniola, tsibirin da a yau Haiti da Jamhuriyar Dominikan suka raba, da Puerto Rico, da Jamaika, da gabashin Kyuba, da Bahamas. Kaso mai tsoka na abin da ya rage na kayansu yana hannun ƙananan gidajen tarihi na yankuna, irin wanda ke Altos de Chavón a lardin La Romana na Jamhuriyar Dominikan, wanda aka buɗe a 1981 da kaya sama da 3,000 da Samuel Pión ya shafe shekaru yana tarawa. Duk ginin da ya kwashe shekaru arba'in yana shan iskar teku mai gishiri da ruwan sama da zafin rana, dole wata rana ya nemi gyara, kuma a ranar ne kayan ke shiga haɗari mafi girma tun daga lokacin da aka haƙo su daga ƙasa. Ƙura da girgizar injin yankan siminti da hannun lebura mai gaggawa suna iya yi wa tukunya a mako guda abin da shekaru 700 a cikin kogo ba su yi mata ba.

Saboda haka abin da ya fi komai muhimmanci a wannan aiki shi ne jerin da ake bi. Hukumar da ta ba da kuɗi tana son ganin sabon fenti da fitilu da allon taɓawa, domin su ne ke fitowa a hoto ranar yanke kyalle. Amma a fara da ƙirga kaya, a bi da rufi da danshi, sannan akwatunan baje koli, labarin da za a ba wa baƙi ya zo daga baya. Wanda ya juya wannan jeri zai sake kashe kuɗi kafin shekaru biyar.

Kafin a taɓa bango

Aikin farko na takarda ne. A rufe gidan ga baƙi, a ɗauki tsohuwar rajista, a bi kaya ɗaya bayan ɗaya ana daidaita lambar da ke jikinsu da wadda ke cikin littafi. Kowane abu a ɗauke shi hoto ta fuskoki akalla uku tare da ma'auni a gefensa, a rubuta tsawonsa da nauyinsa da abin da aka yi shi da shi, a kuma bayyana duk tsagewa da ɓalli da tsohon liƙi. Akwai tsarin da ake kira Object ID, wanda cibiyar Getty ta fitar a 1997 kuma ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ke kula da shi yanzu. Tambayoyinsa kaɗan ne, kuma su ne 'yan sanda da jami'an kwastan ke nema idan wani abu ya ɓace. Lokacin gyara, da ƙofofi ke buɗe ma'aikata na shiga da fita, shi ne lokacin da ƙaramin abu irin layar ƙashi ke shigewa aljihu. Idan lamba ta goge, a sake rubuta ta a kan siririn shafe na wani gam mai suna Paraloid B-72, wanda ake iya cirewa daga baya, kada a rubuta kai-tsaye a jikin yumbu ko ƙashi.

A wannan ƙirga ne abubuwa biyu marasa daɗi ke fitowa fili. Na farko shi ne jabu. An daɗe ana sassaƙa gumakan Taíno na ƙarya ana sayar wa masu yawon buɗe ido da masu tara kaya, kuma tarin da ya fito daga hannun mutum ɗaya da ya yi ta saye daga manoma da dillalai da wuya a rasa irinsu a ciki. A gayyato masanin da ya san salon tukwane da duwatsun yankin ya duba, kuma abin da ya yi shakka a kansa a ware shi, a rubuta dalili, kada a jefar. Na biyu shi ne kayan da ba a san daga inda suka fito ba. A Jamhuriyar Dominikan doka mai lamba 318 ta 1968 ce ta sa kayan tarihi a ƙarƙashin kariyar ƙasa, a Puerto Rico kuma doka mai lamba 112 ta 1988 ke kula da wuraren haƙa, don haka kafin a fitar da kaya daga ginin zuwa wani wuri, ko a haƙa rami don sabon tushe ko bututu, a nemi izinin hukumar al'adu a rubuce. Gidajen tarihi da dama suna zaune ne a kan wurin da aka samo kayan, kamar Chorro de Maíta a lardin Holguín na Kyuba, wanda aka gina a kan maƙabarta. A irin wannan wuri, duk inda shebur zai shiga ƙasa sai mai haƙar kayan tarihi yana tsaye a kai.

A daidai wannan lokaci a sanya ƙananan na'urorin da ke rubuta zafi da danshi a kowane ɗaki da cikin wasu akwatuna. In da hali a bar su shekara guda cif, su ga damina su ga rani, domin injiniya ba zai iya tsara komai mai ma'ana ba sai ya san irin yanayin da kayan suka saba da shi.

Kwashe kaya

Tukwanen ƙarshen zamanin Taíno, waɗanda masana ke kira salon Boca Chica, suna da ƙananan fuskoki a bakinsu, na jemage ko mujiya ko kwaɗo, waɗanda maginiyar ta murza daban ta manna tun yumbu yana ɗanye. Hannun mutum yakan kai kansa wajen waɗannan fuskoki, domin sun yi kama da mariƙi, kuma a nan ne suke ɓallewa. A ɗauki tukunya da hannu biyu daga ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, bayan an riga an share wurin da za a ajiye ta. Da yawa daga cikinsu an haɗa su ne daga tsingaro shekaru da dama da suka wuce da gam ɗin da zafi ya riga ya sassauta, har idan aka haska fitila a ciki ana ganin layin gam ɗin ya yi ruwan ƙasa yana ƙyalli. Irin wannan tukunya tana iya rabuwa gida biyar a hannun mai ɗauka ba tare da ya yi kuskuren komai ba, shi ya sa ake ɗora ta a kan tire mai soso kafin a yi taku ɗaya da ita.

Sito na wucin gadi ya kasance a wajen inda ake aiki, ba a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba, a kan kantoci da suka ɗaga daga daɓe akalla santimita 15, da mabuɗi a hannun mutum biyu kacal. A kuma duba kalanda. Lokacin mahaukaciyar guguwa a Tekun Atlantika yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma gabashin Jamhuriyar Dominikan ya sha guguwar Georges a Satumban 1998, ya sha Fiona a Satumban 2022. Kada a yaye rufi a cikin waɗannan watanni, komai matsin lambar ɗan kwangila.

Abin da aka yi da itace sai an ba shi kulawa ta musamman kafin ya shiga sito. Mafi daraja a ciki shi ne duho, gajeriyar kujerar da sarki ko boka ke zama a kai lokacin bikin shaƙar garin cohoba mai bugarwa, wadda galibi ake sassaƙawa daga icen guayacán mai tauri. A shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin kowane abu na itace a bar shi kwana biyu ko uku. Idan aka dawo aka tarar da 'yan ƙwayoyi masu kama da yashi sun taru wuri ɗaya kamar an zuba su da cokali, to akwai garar busasshen itace a ciki, wadda ba ta bukatar ƙasa, tana cin ciki ta bar fata lafiya lau. Feshin maganin ƙwari ba ya isa inda take, yana kuma barin guba da tabo. Hanyar da ta dace ita ce a rufe abin a jakar da iska ba ta shiga, a cire iskar oksijin har ta koma ƙasa da kashi 0.3 cikin ɗari, a bar shi makonni uku ko fiye. Daskarewa a firiza tana kashe ƙwari, amma ba ta dace da abin da aka yi wa ado da kwanson teku ko zinariya da aka manna da ƙaro ba, domin kowannensu yana takurewa da nasa sauri.

Ruwa, danshi da lantarki

Kuɗin gini su fara tafiya kan rufi da indararo da magudanan da ke kewaye da tushe. Ba shi da amfani a sayi akwatin gilashi mai tsada a ajiye shi ƙarƙashin silin da ke yoyo. Tagogi su sami murfin guguwa, bututun ruwa kuma kada ya bi ta saman ɗakin baje koli ko sito.

Batun danshi ne ya fi jawo gardama, kuma a nan ina da ra'ayi. Littattafan da aka rubuta don ƙasashe masu sanyi suna cewa a riƙe danshi kusa da kashi 50, sai injiniya ya kawo manyan na'urorin sanyaya ɗaki don cimma wannan adadi. A takarda abin ya yi kyau. Amma bayan guguwar Maria a Satumban 2017 wasu sassan Puerto Rico sun yi watanni babu wuta, kuma ko ba guguwa, ƙaramin gidan tarihi yakan kashe na'ura da dare don rage kuɗin lantarki. Ɗakin da ake sanyayawa da rana a kashe da dare ya fi ɗakin da ba a sanyayawa sam cutar da kaya, domin itace da ƙashi suna kumbura suna takurewa kullum har su tsage, gishirin da ke cikin yumbu kuma yana narkewa yana sake daskarewa har ya ture fatar tukunya ta zube kamar gari. Abin da ake nema shi ne daidaito, tare da zama ƙasa da kashi 65, domin daga nan sama fumfuna ke samun wurin zama. Duho da ya shekara ɗaruruwa a cikin kogo mai laima, idan aka busar da shi da gaggawa, tsagewar da zai yi ba ta da magani.

Abin da ya fi dacewa da ƙaramin gida shi ne a bar gini ya yi nasa aikin ta hanyar inuwa da kaurin bango da fankoki da na'urar tsotse danshi, sannan kaya masu rauni, waɗanda ba su da yawa, a sa su a akwatunan da aka toshe sosai, masu aljihun tebur a ƙasa da ake zuba ƙwayoyin silika masu shan laima. Irin wannan akwati yana riƙe yanayinsa kwanaki da dama ko da wuta ta ɗauke. Duwatsu, wato gatura da taɓarya da gumakan cemí masu kusurwa uku da manyan zobban dutse, ba su damu da duk wannan ba, kuma su ne kaso mai yawa na kayan.

Abin da aka yi akwatin da shi ma yana da nasa sharri. Katakon da aka matse da gam, da wasu fenti, da wasu yadudduka, suna fitar da tururin asid a hankali, kuma a cikin rufaffen akwati tururin ba shi da inda za shi. Taíno sun yi layu da haƙoran gumaka da abin wuya daga kwanson babbar katantanwar teku, kuma idan aka ga farin gari kamar gishiri ya fito a jikin irin wannan abu, asid ne ke cin sa. Akwai gwajin da Andrew Oddy ya ƙirƙiro a gidan tarihin Birtaniya a 1973: ana rufe ɗan yankin kayan da ake son amfani da shi a kwalba tare da ƙyallayen azurfa da tagulla da darma, a zafin digiri 60 na tsawon kwana 28, idan ƙarfen ya yi tsatsa ko ya dushe a yi watsi da kayan. A sa wannan sharaɗi cikin takardar kwangila tun farko. Ƙarfe mai gasasshen fenti da gilashi mai ninki sun fi aminci, kuma duk wani fenti da aka shafa a ɗaki a ba shi makonni huɗu ya sha iska kafin kaya su dawo.

Yankin na girgizar ƙasa ne, kamar yadda Haiti ta gani a 2010, kudancin Puerto Rico kuma a Janairun 2020. A ɗaure akwatuna da daɓe ko bango, kowace tukunya ta zauna a cikin zoben da aka yanka daidai gindinta, dogayen abubuwa kuma a riƙe su da siririn zaren roba ko maƙalin tagulla mai laushin baki. Haske abu ne mai sauƙi yanzu da fitilun LED: lux 50, wato ma'aunin ƙarfin haske, ga auduga da saƙa, kusan 200 ga itace da ƙashi, rana kuma kada ta faɗa kan komai kai-tsaye.

Labarin da ɗakunan za su bayar

Tsofaffin gidajen tarihi na yankin suna da tsari ɗaya: jerin gatura a kan koren yadi, sunan salo da ƙarni a ƙasa, a ɗaki na ƙarshe kuma jiragen Kolumbus uku sun iso, labari ya ƙare. Sabuntawar da ta bar wannan tsari yadda yake ta gyara bango ne kawai. Mutane sun fara zama a manyan tsibiran kimanin shekaru 6,000 da suka wuce, daga baya masu gina tukwane da noman rogo suka hauro daga bakin kogin Orinoco na Kudancin Amurka, kuma Taíno sun fito ne daga cuɗanyar waɗannan al'ummomi a tsawon ƙarnuka. Gidan tarihi na yanki yana da abin da na babban birni ba shi da shi, wato ƙasar da ke bakin ƙofarsa. A gabashin Hispaniola akwai masarautar Higüey, ɗaya daga cikin biyar da Sifaniyawa suka lissafa tare da Marién da Maguá da Maguana da Jaragua, da yaƙin da ya ƙare da kama shugaban Taíno Cotubanamá a tsibirin Saona a 1504, kuma sunansa gandun dajin ƙasa na yankin ke ɗauke da shi a yau. Yaron makarantar da ya ga sunan kogin garinsu a kan taswira yakan tsaya ya karanta.

A haɗa kaya bisa aikinsu. Kaskon burén shi kaɗai faifan yumbu ne mara ban sha'awa, amma idan aka ajiye shi tare da magogi da doguwar jakar saƙa da ake matse ruwan guba daga rogo mai ɗaci, sannan hoton matan da ke gasa casabe, wato gurasar rogo, a yau, baƙo zai ga sana'a guda da ba ta yanke ba, wadda UNESCO ta sanya a jerin al'adun ɗan Adam a 2024. Haka kalmomin canoa (kwalekwale) da hamaca (gadon lilo) da huracán (mahaukaciyar guguwa) da barbacoa (ragar itace ta gashin nama), waɗanda suka shiga Sifaniyanci daga bakin Taíno. Kalmar batey ma abin lura ce: a da filin wasan ƙwallo ne da taro, irin waɗanda ke Caguana a Utuado na Puerto Rico, a yau kuma ita ce sunan unguwannin leburorin rake, waɗanda da yawansu 'yan asalin Haiti ne. Wannan kaɗai ya isa dalilin sa harshen Kiriyol na Haiti a kan allunan bayani tare da Sifaniyanci da Ingilishi.

A yi hattara da majiya. Kusan duk abin da aka sani game da Yúcahu da Atabey da sauran abin bautar Taíno ya fito ne daga ɗan gajeren rahoton wani malamin coci, Ramón Pané, da ya kammala wajen 1498, kuma asalin rubutun ya ɓace, fassarar Italiyanci ce ta tsira. Allon bayani ya faɗi wanda ya ba da labari da matsayinsa. Kalmar da ta fi bukatar cirewa ita ce ta cewa Taíno sun ƙare. Aikin tilas da yaƙi da cutar agana ta 1518 sun yi musu mummunar ɓarna, amma shugabansu Enriquillo ya riƙe tsaunukan Bahoruco na Hispaniola daga 1519 zuwa 1533 har sai da Sifaniya ta yi sulhu da shi, kuma binciken da aka wallafa a 2018 a kan haƙorin wata mata da ta rayu kimanin shekaru 1,000 da suka wuce a tsibirin Eleuthera na Bahamas ya nuna dangantakarta ta jini da mutanen Puerto Rico na yau. Akwai ƙungiyoyin da ke kiran kansu Taíno a tsibiran da kuma birnin New York. A zauna da su tun ana zanen ɗakuna, ba a aika musu katin gayyata ranar buɗewa ba. Ba kullum za su yarda da masana ba, su kansu ma ba bakinsu ɗaya ba, kuma ba laifi allon bayani ya nuna cewa akwai saɓani.

A wannan zama ne ake yanke shawara kan ƙasusuwan mutane. Tsohon yayi shi ne a shimfiɗa ƙwarangwal a duƙunƙune cikin akwatin gilashi kamar yadda aka same shi. Ƙa'idojin ICOM sun ce a kula da irin waɗannan cikin mutunci tare da la'akari da ra'ayin al'ummar da suka fito daga cikinta, kuma a ganina zane ko kwafi yana koyar da abin da ƙashin zai koyar, su kuma a mayar da su keɓaɓɓen wuri a sito. Wani lokaci ba a gane ƙashi da ido: gunkin auduga na Taíno da ke birnin Turin na Italiya yana ɗauke da ƙoƙon kan mutum a cikinsa. Manyan kayan da suka bar yankin, irin wannan da gumakan itace uku da aka samu a wani kogo a Jamaika a 1792 waɗanda ke Landan, ana iya nuna su da hoto ko kwafi, a rubuta ƙarara inda suke da yadda suka je can.

Mayar da kaya da abin da ke biyo baya

Idan ɗan kwangila ya ce ya gama, a bar ɗakuna babu kowa na wata guda na'urori suna aunawa, a gwada ƙararrawar gobara da janareta da makullai, a share ƙura sau biyu. Duwatsu su fara shiga, tukwane su biyo, itace da auduga a ƙarshe, kowanne ana duba shi da hoton da aka ɗauka a farko ana sa hannu. Daga kasafin a ware kashi 10 zuwa 15 don abin da ba a zata ba, domin tsohon bango in an buɗe shi ba ya rasa abin faɗa, a kuma sami alkawarin kuɗin shekara-shekara a rubuce daga hukumar da ke riƙe da gidan kafin a sayi duk wata na'ura mai bukatar gyara. Allon taɓawa da ya mutu bayan shekara biyu babu mai gyara shi ya fi allon katako muni.

Ma'aikata su sami littafi guda da aka rubuta sunan wanda zai karanta na'urorin danshi kowace Litinin, da wanda zai duba tarkon ƙwari kowane wata, da wanda zai hau ya share indararo a watan Mayu. A bayan ƙofar sito a manna jerin kaya ashirin da za a fara kwashewa idan aka yi gargaɗin guguwa, da lambar akwatin kowanne da inda mabuɗinsa yake, a kuma gwada kwashe su sau ɗaya da agogo a hannu kafin 1 ga Yuni.